Sayen Mako

Nafi'u ya zo min da takarda mai sheƙi
ranar Laraba, bayan la'asar,
ina zaune ina ƙirga zubin mata
a ƙofar ɗakina, nan Rafin Daɗi.
Ya ce, Yaya Barira, ɗaukata ta wannan wata
na samo mata masauki.

Na ce, fili ne a Dutsin Safe?
Ya ce a'a, mako ne.

Mako!
Shekara ashirin da uku ina uwar adashi.
Na ga an sayi keken ɗinki, injin markaɗe,
na ga an sayi tunkiya da cikinta,
ban taɓa ganin wanda ya sayi kwana bakwai
ya ce ya yi kadara ba.

Ya baje hoton a kan tabarma:
ɗaki mai tagar gilashi, can ƙetaren teku,
a gabansa wani ƙaton lilo
kamar tayar keke ta taɓo gajimare,
da jirgin da ke tsunduma cikin ruwa
ya fito da mutane sharkaf suna dariya.
Mako na talatin da ɗaya nasa ne duk shekara,
shi da Suwaiba da yara uku.
Sauran makonnin na wasu ne
waɗanda ko a hanya bai taɓa gaida su ba.

Na ce to, adashi ke nan.
Ka zo gidan sarauniyarsa, zauna.

A nawa adashin, wanda ya zuba zai ɗauka.
A naka, zubi ne bisa zubi:
kuɗin shara, kuɗin fenti,
kuɗin famfon da wani ya ɓalla a makonsa.
Da dala kuma.
Kai mai sayar da waya a Ƙofar Ƙaura
ka fi ni sanin dala ba ta kwana inda ka bar ta.
Ga jirgi, kujera biyar. Ga biza.
Ga tikitin shiga wajen wasan,
don ɗaki aka sayar maka, lilon yana da nasa mai ƙofa.
Makon ma tsakiyar damina ya faɗo,
gonarka ta Batagarawa tana jiran maimai.
In ka je, ka biya.
In ba ka je ba, ka biya.

Ya ce, in na gaji sai in sayar.

Wa zai saya?
Rago in ya ishe ka, ka kai shi Charanchi,
kafin azahar dillalai sun raba ka da igiya.
Mako fa, a wace kara ake ɗaure shi?
Ranar da ka kwanta dama,
masu rabon gado za su miƙa wa Huwaila
bashi mai hoton lilo.
Tara abinka. Shekarar da hali ya yi,
kama ɗaki kamar kowane baƙo,
ka biya, ka karkaɗe riga, ka dawo gida.

Ya daɗe yana murza gefen hularsa.
Sannan ya ce, Yaya,
tun rasuwar Baba ban rufe shago kwana biyu a jere ba.
In ban ɗaure kaina da takarda ba
ba inda za ni.
Huwaila ta kalli bidiyon nan har wayar ta mutu a hannunta.

Na duba littafina.
Akwai layin suna, layin zubi, layin tara.
Babu layin wannan.

Uwar adashi ba ta riƙe ɗaukar kowa.
Na ƙirga masa, na ɗaure da roba.
Na ce, ba ni mako ɗaya kawai,
kar ka sa hannu sai wata Laraba.
Wannan makon kyauta ne, ba kuɗin fenti.
Ya yi dariya, bai ce i ba.

Ya tafi ya manta takardar.
Da dare, da aka ɗauke wuta,
na haska ta da cocila.
Kujerun lilon talatin da biyu ne.
A ta can sama akwai wata mata mai kamar shekaruna,
ta saki hannu biyu, bakinta a buɗe,
ba jaka a hammatarta.

Na sake ƙirga kujerun.